Mura da zazzaɓi a jami'a: wa zai zauna a ɗaki, wa zai shiga aji, kuma har zuwa yaushe?

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗowa Sakkwato da ƙurarta, duk zauren lakcar da ka leƙa za ka ji abu ɗaya: wannan na tari, wancan na jan majina, malami na gyaran murya kafin ya kai ƙarshen jimla. Mafi yawansu za su warware cikin mako guda ba su ga likita ba. Amma jami'a wuri ne da ya tara wa ƙwayar cutar numfashi duk abin da take so: ɗaruruwan mutane a zaure ɗaya na tsawon awa biyu, ɗakin kwana da aka tsara wa mutum huɗu amma shida ko takwas ke ciki, bas ɗin da ke jigila tsakanin gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cunkushe, sahun sallah, layin abinci. A cikin wannan taro akwai mai sikila, mai asma, mai juna biyu, da farfesa ɗan shekara sittin da biyar mai ciwon suga. Murar da ta kwantar da saurayi kwana biyu tana iya kai ɗaya daga cikinsu gadon asibiti.

Abin da muke kira "mura" a baki ɗaya ba cuta ɗaya ba ce. Akwai murar yau da kullum, wadda ƙwayoyin bairos iri-iri ke kawowa, tana bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan an ɗauka. Akwai infuluwenza, mai faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kwana 1 zuwa 4. Akwai korona, wadda a da kan ɗauki har kwana 14 kafin ta nuna kanta, amma nau'o'in baya-bayan nan kan bayyana cikin kamar kwana 3. Sai RSV, wani bairos na hanyoyin numfashi mai wahalar da jarirai da tsofaffi, kwana 4 zuwa 6. Da ido ba a bambance su, ko likita sai da gwaji, gwajin kuma ba kullum ake samunsa a asibitin makaranta ba. Wannan bai kamata ya tsayar da komai ba, domin matakin farko iri ɗaya ne ko da wacce ce a cikinsu. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ma a watan Maris na 2024 ta haɗe ƙa'idojinta na korona da infuluwenza da RSV wuri guda, ta dogara da alamun da ke jikin mutum maimakon sunan ƙwayar. Ga wuri irin namu da gwaji ke da wuya, wannan tsarin ya fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka rubuta shi.

Dalilin da ya sa ake gaggawa shi ne lokacin yaɗawa. Mai infuluwenza kan fara zubar da ƙwayar tun kwana guda kafin ya ji komai, kuma ya fi yaɗa ta a kwana uku na farkon ciwon. Korona ma kusan haka take. Wato ranakun da ɗalibi ke cewa "ɗan mura ne kawai, bari in daure in je" su ne ranakun da ya fi haɗari ga na kusa da shi. Wanda ya jira sai ciwo ya kwantar da shi a rana ta huɗu sannan ya zauna a ɗaki, ya riga ya raba abin da zai raba.

Yadda ake lissafin kwanakin

Ƙa'idar tana da hawa biyu. Na farko: duk wanda ya tashi da zazzaɓi, ko tari da ciwon maƙogwaro da kasalar da ba ƙura ce ta kawo su ba, ya janye daga aji ko ofis tun ranar. Zai koma ne idan abu biyu suka haɗu na tsawon awa 24: jikinsa na samun sauƙi gaba ɗaya, kuma babu zazzaɓi ba tare da ya sha maganin sauke zazzaɓi ba. Na biyu: bayan ya koma, ya ƙara kwana 5 yana taka-tsantsan, da takunkumi a duk wurin da ke rufe, yana nesa-nesa da masu raunin jiki, irin mai sikila, mai asma, mai juna biyu da tsoho.

Wurin da ake yawan yin kuskure shi ne sharaɗin "ba tare da magani ba". A ɗauki ɗaliba da ta fara jin ƙaiƙayin maƙogwaro ranar Litinin, Talata zazzaɓi ya rufe ta. Laraba da ƙarfe bakwai na safe ta haɗiyi farasitamol biyu, ƙarfe takwas jikinta ya yi sanyi, ta ɗauki jaka ta tafi lakca. Ma'aunin zafi zai nuna 37, amma maganin ne ya danne zafin na awa huɗu zuwa shida, ƙwayar na nan tana fita da kowane numfashi. Lissafi na gaskiya yana farawa daga ƙwayar magani ta ƙarshe. Idan ta sha ta ƙarshe ƙarfe goma na daren Laraba, kuma har ƙarfe goma na daren Alhamis zafin bai kai 38 ba, jiki kuma ya yi dama, to Juma'a ta koma aji, ta riƙe takunkumi har Talata. Idan zazzaɓi ya dawo ranar Asabar, lissafi ya koma farko, kuma zazzaɓin da ya tafi ya dawo tare da tari mai tsanani dalili ne na ganin likita, domin haka nimoniya kan biyo bayan infuluwenza.

Tari kuwa kan yi saura. Busasshen tari na iya bin mutum mako biyu zuwa uku bayan ya warke, musamman cikin ƙura. Wannan kaɗai ba dalilin hana shi shiga aji ba ne.

Kafin a ce mura ce

A Sakkwato zazzaɓi ba ya zuwa da takardar shaida. Duk wanda zafin jikinsa ya kai 38 ya kamata a yi masa gwajin maleriya, na ɗigon jini a yatsa, wanda ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20, ko da yana majina, domin ana iya haɗa biyun. Kuskure biyu ake yi a nan: wani ya sha maganin maleriya ba gwaji alhali infuluwenza ce, wani kuma ya ce mura ce ya kwanta alhali maleriya ke cinsa.

Akwai wasu ukun da ke shigowa da rigar mura. Sanƙarau lokacinsa ke nan, daga hunturu zuwa bazara, kuma Sakkwato na tsakiyar yankin da ya fi fama da shi. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, wuya ya sandare, ido ba ya son haske, ko mutum ya fara sambatu: wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Mashaƙo, wanda ya sake ɓarkewa a jihohin arewa tun ƙarshen 2022, yana zuwa da ciwon maƙogwaro, kumburin wuya da wata farar fata-fata mai duhu manne a maƙoshi. Sai tarin fuka: duk tarin da ya kai mako biyu, balle da zufar dare da rama, a kai kaki a gwada, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ukun nan bakteriya ke kawo su, suna da magani takamaimai, kuma ƙa'idar awa 24 ba ta shafe su ba.

Ko da an tabbatar bairos ne, akwai alamun da ke fitar da mutum daga jinyar ɗaki: numfashi sama-sama ko ya kai sau 30 a minti yana zaune, ciwon ƙirji, leɓe ya yi duhu, kasa riƙe ruwa a ciki, fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku. Idan akwai ɗan ma'aunin iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, lamba ƙasa da 94 a nemi likita, 92 zuwa ƙasa a tafi asibiti kai tsaye. Lalle mai duhu da yatsa mai sanyi kan rikita na'urar, sai a ɗumama hannu a gwada wani yatsan. Mai sikila kuwa ba ya jiran ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zazzaɓi da tari ko ciwon ƙirji a jikinsa na iya zama farkon toshewar jijiyoyin huhu, a ranar zai ga likita.

Jinya a ɗakin da ba naka kai kaɗai ba

"Ka killace kanka" magana ce mai sauƙi ga malamin da ke da gida mai ɗaki uku. Ɗalibin hostel fa? Idan gidansu na cikin gari, Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, kuma babu tsoho ko jariri a ɗakin da zai sauka, ya koma gida da takunkumi a fuska, gara kabu-kabu da bas mai rufaffun gilasai. Amma kada a tura ɗalibi mai zazzaɓi tafiyar awa shida a mota zuwa wata jiha: zai wahala, zai raba wa fasinjoji, ya kuma kai wa kakarsa tsaraba.

Wanda zai zauna a ɗaki, a mayar da katifarsa kusa da taga, tazarar aƙalla mita ɗaya, biyu in da hali, a kwana kai da ƙafa maimakon fuska da fuska. Taga da ƙofa su zauna a buɗe gwargwadon yadda sanyi ya bari. Kofinsa, cokalinsa, butarsa da tawul ɗinsa nasa ne shi kaɗai. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kawo masa abinci, ba kowa ya shigo dubiya a zauna bakin katifa ana hira ba. Dubiya hakki ce, amma a kwana ukun farko a yi ta daga bakin ƙofa ko ta waya. Idan a ɗakin akwai mai sikila ko asma, shi ne za a sauya wa wurin kwana na 'yan kwanaki. Sallah kuma ya yi ta a ɗaki, rashin lafiya uzuri ne sananne a wajen malamai, haka ma ajiye azumi ga wanda zazzaɓi ke ƙona shi, abin da ya kamata a tuna tun da watan Ramadan yanzu yana matsowa cikin hunturu shekara bayan shekara.

Wani haɗarin da ke rakiyar sanyi: a rufe taga ruf, a shigo da kaskon gawayi don ɗumi. Hayaƙin da ba a gani yana sa ciwon kai, jiri da tashin zuciya, daidai da alamun mura, kuma yana kisa cikin barci. Idan 'yan ɗaki duka suka tashi da ciwon kai lokaci guda babu zazzaɓi, a fara duba abin da ke ci da wuta.

Magani kaɗan ne. Farasitamol ga baligi miligiram 500 zuwa 1,000 duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini. A nan ne ake cin guba ba a sani ba: mafi yawan ƙwayoyin mura na kemis da farasitamol a cikinsu, sai mutum ya sha su ya ɗora wani a kai, hanta ce ke biya. A karanta bayan kwalin. Masu buɗe hanci na cikin haɗin suna ɗaga hawan jini, masu busar da majina suna sa barci, bai kamata a sha a hau babur ba. Ruwa da yawa, kunu, shayin citta da zuma da lemun tsami, kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi: duk suna rage wahala. Antibayotik irin su amoksisilin ba sa taɓa bairos ko kaɗan, sai dai su lalata ciki su kuma koya wa bakteriya jure magani. Haɗin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda ya fi muni, domin sau da yawa akwai deksametason a ciki, wanda ke sa mutum ya ji garau na kwana ɗaya yana raunana garkuwarsa yana kuma ɗaga suga. Maganin infuluwenza na gaskiya, oseltamibir, miligiram 75 sau biyu a rana na kwana 5, likita ke rubuta shi, ya fi amfani idan an fara cikin awa 48, kuma masu rauni aka fi nufi da shi. Shi ya sa mai ciki ko mai ciwon suga bai kamata ya jira "ya ga yadda jikin zai yi" ba.

Wanda ya yi cuɗanya amma lafiyarsa ƙalau

Zamanin 2020, lokacin da aka rufe makarantu bayan ɓullar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, ana killace duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar kwana 14. Yanzu ba haka ake yi ba. Abokin ɗaki ko abokin ofis da ba shi da wata alama ya ci gaba da karatunsa da aikinsa, ya sa takunkumi a wuraren da ke rufe na kamar kwana 5, ya sa wa jikinsa ido har kwana 10, ya ɗage ziyarar tsoho ko mai jego. Da ya ji alama, ya shiga lissafin da aka yi a sama. Idan an san korona ce kuma akwai abin gwaji, gwadawa washegarin cuɗanya ɓarnar kuɗi ce, ƙwayar ba ta taru ba tukuna. A bari sai kwana na biyar, kuma sakamakon "babu" a jikin mai alamu ba hujja ba ne sai an maimaita bayan awa 48.

Rukuni uku ba sa cikin wannan sassaucin. Ɗaliban likitanci da jinya da ke zagayen marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su bi ƙa'idar asibitin, wadda ta fi tsauri, kada mai mura ya shiga ɗakin jarirai ko na masu wankin ƙoda. Ɗaliban likitancin dabbobi da na noma da suka taɓa kajin da ke mutuwa da yawa su faɗa wa likita haka idan zazzaɓi ko jan ido ya zo cikin kwana 10, domin murar tsuntsaye ta H5N1 tana ƙasar nan tun 2006. Wanda kuma ya dawo Umara ko Hajji ya kama zazzaɓi da tari cikin kwana 14, ya ambaci tafiyar tun kafin a tambaye shi, saboda MERS, wata cutar numfashi da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012.

Iska ta fi bokitin wanke hannu

An saba idan aka ce rigakafi sai a ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Yana da amfani: wanki na daƙiƙa 20, ko man goge hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa sama. Amma waɗannan ƙwayoyin ta iska suka fi shiga, cikin ƙananan ɗigon da ke fita da magana da tari su yi ta shawagi a ɗakin da ke rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin lita 10 na sabuwar iska a daƙiƙa ga kowane mutum. Zaure mai ɗalibi 300 ke nan yana buƙatar lita 3,000 duk daƙiƙa, abin da taga biyu a gefe guda ba za su bayar ba. Fanka ba ta kawo sabuwar iska, juya ta ciki take yi. Na'urar sanyaya ɗaki ta bango ma haka, shi ya sa ofishin da aka rufe aka kunna esi ana taron sashe na awa uku ya fi baranda haɗari nesa ba kusa ba.

Hunturu na sa mutane rufe tagogi saboda ƙura, kuma suna da gaskiyarsu. Mafita ita ce a rage buɗin ɓangaren da iskar ke bugowa, wato arewa maso gabas, a wangale na ɗaya gefen da tagogin sama da ƙofofi biyu, yadda iska za ta sami mashiga da mafita. Tsakanin lakca da lakca a fitar da kowa na minti goma. Takunkumi a wannan yanayin riba biyu ne, yana tare ƙura yana tare ƙwaya. Takunkumi nau'in N95 ko KN95 ya fi na asibiti mai shuɗi, shi kuma ya fi na yadi, amma duk wanda ya bar rata a gefen hanci ya rage amfaninsa sosai, a matse ƙarfen a kan karan hanci, a sauya idan ya jiƙe. Don goge mariƙin ƙofa da tebur, idan kwalbar bilic ta ce 3.5%, babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa ya isa, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki.

Duk wannan ba zai yi aiki ba muddin zama a ɗaki na jawo wa mutum asara. Jami'o'inmu na sharɗanta halartar kashi 75 na lakcoci kafin a zauna jarrabawa, malami kuma na iya shigowa da tes ba sanarwa. Ɗalibin da ya san rashin zuwansa na yau zai ci masa maki goma zai zo ko da rarrafe, kuma ba za a ga laifinsa ba. Abin da sashe zai yi ba ya cin ko kwabo: a yarda da saƙon waya zuwa ga wakilin aji a matsayin uzurin kwana uku, takardar asibiti sai abin ya wuce haka, domin tilasta wa kowane mai majina bin layin kilinik don karɓo takarda cusa su ne cikin masu sikila da masu ciki da ke jiran likita. A ware rana ɗaya ta ramuwar tes a kowane zango. Lokacin jarrabawa a tanadi ɗaki mai iska ko baranda ga masu tari, da mai sa ido sanye da takunkumi. Malamin da ya kamu ya tura darasi ta WhatsApp ko ya ɗaga lakcar, awa biyu yana ɗaga murya gaban sahun farko ba jarumta ba ce. Masu shara, masu gadi da masu sayar da abinci, waɗanda da yawansu kuɗin yini ake biyansu, su aka fi mantawa, alhali su ke shiga kowane ofis da kowane ɗaki.

Sanarwa kuma a yi ta ba suna. Ya isa a ce "an sami masu zazzaɓi da tari a wannan ajin, duk wanda ya ji alama ya zauna a ɗaki", domin ranar da aka fara lissafa sunaye a zauren WhatsApp, ranar mutane za su fara ɓoye ciwo. Asibitin makaranta ya riƙe rajista mai nuna rana, ɗaki da sashen kowane mai zazzaɓi da tari. Idan mutum uku ko fiye daga ɗaki ɗaya ko layi ɗaya suka zo cikin mako guda, ko aka kwantar da matashi mai ƙoshin lafiya saboda numfashi, ko aka ga ko da mutum ɗaya mai alamar sanƙarau, mashaƙo ko ƙyanda, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, Wamakko ga waɗanda ke mazaunin dindindin, shi zai kai maganar ma'aikatar lafiya ta jiha da NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, a zo a ɗauki samfuri.